Wasa 400 a Ƙwallon Ostireliya: Waɗanda Suka Daɗe da Waɗanda Aka Katse wa Hanzari

Sharhinmu na yau zai kai mu nesa, can Ostireliya, ga wata irin ƙwallo da mutanen Melbourne da Adelaide da Perth suka gada kaka da kakanni. Su ma ƙwallon ƙafa suke ce mata, amma wanda ya saba da tamu, in ya gan ta karon farko, zai rantse ba ita ba ce.

A filin kurket ake buga ta, fili mai faɗin gaske wanda ba shi da kusurwa. Ƙwallon kanta doguwa ce mai baki biyu, in ta daki ƙasa Allah kaɗai ya san inda za ta nufa. Mutum 18 ne a kowane ɓangare, kuma babu dokar satar gida, saboda haka ta ko'ina ana iya afko maka. Ana harba ƙwallo da ƙafa, ana cafke ta da hannu, ana naushinta da dunƙulallen hannu zuwa ga abokin wasa, amma jifa laifi ne. Wanda ya harba ta tsakanin dogayen turaku biyu na tsakiya ya ci maki 6, wanda ya kauce zuwa gefe ya samu 1. Doka ta yarda ka rungumo mai riƙe da ƙwallo ka maka shi da ƙasa. Ta yarda ka ɗora gwiwa a gadon bayan mutum ka yi sama ka cafke ƙwallo a bisa kansa, jama'a kuwa su miƙe tsaye suna sowa. Duk wannan da 'yar riga marar hannu da gajeren wando, ba sulke ba kwalkwali. Ɗan wasan tsakiya yakan ci fiye da kilomita 12 a guje kafin jiniyar tashi ta yi kuka.

Na kawo wannan bayani ne domin ku auna nauyin abin da zan faɗa. Babbar gasar ƙasar ta fara a 1897 da sunan VFL, a 1990 aka sauya mata suna zuwa AFL. Fiye da mutum 12,000 ne suka taɓa sa riga suka shiga fili a cikinta. Zuwa ƙarshen kakar 2025, mutum shida kacal ne suka buga wasa 400.

A wajenmu, in za a yabi ɗan ƙwallo, sai a ce ƙwallo kaza ya ci, kofi kaza ya ɗauka. A can, abin da ake fara tambaya shi ne wasa nawa ya buga. Ana ƙirga wa kowa nasa, ana bikin na 100, na 200, na 300. Ranar irin wannan wasa, magoya baya sukan kwana suna liƙa takardu masu launi, su haɗa wani makeken labule da ya fi tsayin mutum uku, su rubuta sunan gwanin da lambar wasansa. Sai ya fito daga ɗakin sauya kaya riƙe da hannun 'ya'yansa, ya keta labulen ya shiga fili. In an tashi, ko an ci ko an sha kashi, abokan wasansa biyu su saɓa shi a kafaɗa, ƙungiyoyin biyu su yi layi suna tafa masa har ya shige. Lissafin nan yana da amfani har ga zuriya: wanda ya buga wa kulob wasa 100, kulob ɗin na da damar ɗaukar ɗansa kafin kowa, wannan ita ce dokar uba da ɗa. Wanda ya kai 300 kuwa ya zama ɗan gasar na dindindin har ƙarshen ransa.

Ni ina ganin wannan al'ada tana da hujja. Ƙwallo ɗaya mai ban mamaki sa'a na iya kawo ta. Amma kowane mako sai masu horarwa sun zauna sun fitar da sunayen waɗanda za su buga, kuma babu mai samun gurbi don tausayi. Wanda ya buga 400, sau 400 ke nan aka dube shi, aka dubi matasan da ke layi suna jiran kujerarsa, aka ce a'a, shi ɗin dai.

Wanda ya fara kai wa 300 shi ne Gordon Coventry na Collingwood, wanda ya ajiye takalmi a 1937 da wasa 306 da ƙwallaye 1,299. Daga nan lambar ta riƙa hawa a hankali: Dick Reynolds ya kai 320, Ted Whitten ya ƙara ɗaya a kai a 1970, John Nicholls ya kai 328, Kevin Murray 333. John Rantall kuwa sai da ya koma Fitzroy a 1980, kulob ɗinsa na uku, ya ƙarasa 336. Shekara arba'in da 'yan kai, wasa 30 kaɗai aka iya ƙarawa a kan Coventry. Sai ga Kevin Bartlett na Richmond ya zo ya yi tsallen da ba a taɓa gani ba. Ya fara a 1965, ya gama a 1983 da wasa 403 da kofi 5. Ana masa laƙabi da mayunwaci saboda in ya hango turaku ba ya tuna akwai wani abokin wasa a kusa, kuma yunwar ta yi masa rana, domin ƙwallaye 778 ya ci, 7 daga ciki a wasan ƙarshe na 1980.

Wanda ya karɓi tutar daga hannunsa shi ne mutumin da na fi so mu tsaya a kansa, Michael Tuck na Hawthorn. Siriri ne, mai gemu, kullum cikin riga mai dogon hannu alhali sauran duk damatsa a waje. Sana'arsa gyaran famfo. A zamaninsa 'yan wasa da rana suke zuwa neman abinci, da yamma su haɗu a yi atisaye, ranar Asabar a fita fili, kuma filayen unguwannin Melbourne a lokacin sanyi taɓo ne har idon sawu. Har zuwa 1978, in an fitar da kai daga fili ka fita ke nan, babu dawowa, don haka mai ciwo yakan cije ya ƙarasa. Cikin wannan hali Tuck ya fara a 1972, yana kai da komo tsakanin rukuni na biyu da na farko kafin ƙafarsa ta tsaya. Da ta tsaya kuwa, sai da ya buga wasa 426. Ya je wasan ƙarshe sau 11, ya ɗauki kofi sau 7, huɗu daga ciki yana kyaftin. Babu wanda ya kai shi yawan kofi a tarihin gasar.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarinsa shi ne, duk tsawon shekaru 20 ɗin nan bai taɓa cin kyautar gwarzon shekara ta kulob ɗinsa ba. Yana wasa ne kusa da Leigh Matthews, wanda ya ci kyautar sau 8, sannan ga wasu taurarin da suka biyo baya. Kowace shekara akwai wanda ya fi shi haske, amma taurarin suna zuwa suna wucewa, shi yana nan. Wasansa na ƙarshe shi ne wasan kofi na 1991, inda Hawthorn ta doke West Coast, ya ɗaga kofi yana da shekara 38. Ransa na son ƙarin shekara guda, shugabannin kulob suka nuna masa lokaci ya yi. Ku riƙe wannan, za mu sake jin irinsa.

Bayan Tuck sai aka yi shiru. Shekara 25 babu wanda ya sake taka 400. Robert Harvey na St Kilda ya tsaya a 383, Simon Madden na Essendon a 378. Mutane har sun fara cewa wasan ya yi sauri da yawa, jikin ɗan Adam ba zai ƙara jure haka ba. Kwatsam a 2015 mutum biyu suka kai a shekara guda.

Na farkonsu Dustin Fletcher ne, mai tsaron bayan Essendon, dogo mai dogayen hannaye, wanda yakan bar ɗan gaba ya zaci ya tsere masa, sai a ga hannu ya miƙo daga baya ya doke ƙwallon. Yana ɗalibin sakandare ya ɗauki kofi a 1993. Mahaifinsa, Ken Fletcher, ya buga wa kulob ɗin wasa 264, don haka gida ɗaya ya ba Essendon wasa 664. Dustin ya buga na 400 a watan Mayun 2015, yana da shekara 40, da Richmond, a babban filin MCG. A cikin wannan wasan ne tsokar matsematsinsa ta ba shi matsala aka fitar da shi, kuma bai sake shiga fili ba. Jikin ya kai shi daidai bakin 400 ya ce iyakata ke nan.

Shaun Burgoyne, wanda ya kai 400 daga baya, shi ma ya cancanci a ambace shi da girmamawa. Ɗan asalin ƙasar ne, daga al'ummar da Turawa suka tarar a nahiyar, kuma shi ne na farko a cikinsu da ya kai 400. Ya buga wa Port Adelaide wasa 157, ya ɗauki kofi da ita a 2004. A ƙarshen 2009 ya koma Hawthorn yana dogara sanduna saboda aikin gwiwa, masu sharhi da yawa suna ganin shekara biyu ko uku suka rage masa. Sai ya buga mata wasa 250, ya ƙara kofi uku a jere daga 2013 zuwa 2015, ya gama a 2021 da 407. Duk inda wuta ta tashi a fili, gaba ko baya ko tsakiya, nan koci ke tura shi ya kashe. Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani.

Sai Brent Harvey na North Melbourne, wanda ya kai 400 a shekarar da Fletcher ya kai. Gajere ne a wasan da dogaye suka mamaye. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1995 sai da aka kira suna 46 kafin a kira nasa, kuma wasa ɗaya tak ya buga a kakarsa ta farko. Makaminsa gudu ne: ya karɓi ƙwallo, ya ruga yana buga ta da ƙasa tana dawo masa, ƙattai na binsa suna kamun iska. Abin da aka sani shi ne mai dogaro da gudu shi tsufa ke fara kamawa, amma Harvey yana da shekara 38 yana tsere wa yaran da aka haifa bayan ya fara wasa. Riga mai lamba 29 yake sawa, lambar da Bartlett ya sa a Richmond. A watan Yulin 2016, a karawa da St Kilda, ya buga wasa na 427 ya wuce Tuck.

Ko wata guda ba a cika ba, kulob ɗinsa ya sanar cewa ba zai sabunta masa kwantiragi ba, shi da wasu manya uku, Drew Petrie da Michael Firrito da Nick Dal Santo. Dalili shi ne za a gina sabuwar ƙungiya da matasa. Mutumin da bai rasa wasa ko ɗaya ba a wannan kakar, wanda ya ci kyautar gwarzon kulob sau 5, aka ce masa an gode. Zai iya neman wani kulob ɗin, ya ƙi, ya zaɓi ya gama da rigar da ya fara da ita, a kan wasa 432. Ban yarda da wannan hukunci ba a lokacin, kuma har yau ban yarda ba. Ba na cewa korarsa ce kaɗai ta jawo wa North Melbourne abin da ya biyo baya, amma daga 2017 har zuwa 2025 ba ta sake shiga zagayen neman kofi ba, ta kuma ƙare a ƙasan tebur a 2021 da 2022. Matasan da aka share wa fili sun taso babu wanda za su kalla su ga yadda ake shirya wa wasa, yadda ake cin abinci, yadda ake kwanciya da wuri. Irin wannan ilimi a wajen babba ake ɗaukarsa da ido.

Kun ga ke nan, Tuck da Harvey, masu lamba mafi girma a zamaninsu, ba jikinsu ne ya tsayar da su ba. Wasu ne suka zauna a ofis suka duba takardar haihuwa.

Na shida shi ne Scott Pendlebury na Collingwood, kuma hanyarsa daban ce. Tun yana yaro ƙwallon kwando ya sa a gaba, har ya samu gurbi a cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasa, sannan ya bari ya koma ƙwallon Ostireliya. Wanda ya gaji gurbin nasa shi ne Patty Mills, wanda daga baya ya ɗauki kofin ƙwallon kwando na Amurka da San Antonio a 2014. Pendlebury bai taɓa yin suna da gudu ba, saboda haka tsufa bai sami abin da zai ƙwace masa da wuri ba. Ku kalle shi in ƙwallo ta shigo hannunsa a tsakiyar turmutsutsu. Kowa na haki, kowa na neman yakice ta kafin a danne shi. Shi sai ya ɗan miƙa ta gefe da hannu ɗaya kamar zai bayar, mutum biyu su bi hannun su wuce, ya juya kafaɗa, ya ɗaga kai, ya aika ta da ƙafar hagu zuwa ƙirjin wanda babu kowa a kusa da shi. A wasan ƙarshe na 2023 da Brisbane, rana na dukan kowa, ƙafafun matasa sun yi nauyi, shi mai shekara 35 ne ya riƙe ragamar zubin ƙarshe, yana nuna wa kowa da yatsa inda zai tsaya, har Collingwood ta tsira da ratar maki 4. Shi ne mutum na farko da aka ƙirga wa miƙa ƙwallo sau 10,000 a tarihin gasar. Ya buga wasa na 400 a watan Agustan 2024 da Carlton, kuma da aka rufe kakar 2025 yana da 425, wato saura 8 ya wuce Harvey. Collingwood ta yi abin da North Melbourne ta kasa, ta sake ba shi shekara guda.

Me ya sa mutum huɗu suka kai 400 cikin shekara goma, bayan shiru na shekara 25? Wani ɓangaren lissafi ne kawai. A da wasa 18 ake yi a kaka, daga 1970 ya koma 22, daga 2023 ya zama 23, ga kuma ƙarin wasannin zagayen kofi. Mai buga 18 a shekara sai ya haura shekara 22 bai yi fashi ba kafin ya ga 400, don haka kada a raina 306 ɗin Coventry. Ɗaya ɓangaren kuwa kulawa ce. Ɗan wasan yau ba shi da wata sana'a sai wannan. Akwai 'yar na'ura a bayan rigarsa da ke auna duk takun da ya yi, akwai mai tsara masa abinci, akwai wankan ƙanƙara bayan wasa, akwai likitan da ke ɗinke jijiyar gwiwar da a da in ta tsinke an gama. In ya manyanta sai a riƙa ajiye shi mako guda ya huta, a rage masa atisaye, a sauya masa wurin tsayuwa.

Ga wani gyara da ya kamata a yi wa littafin tarihin kansa. Kafin gasar ta zama ta ƙasa baki ɗaya, VFL gasar jihar Biktoriya ce, kuma Kudancin Ostireliya da Yammacin Ostireliya kowace na da tata mai ƙarfi, mai cika filaye. Craig Bradley ya buga wa Port Adelaide daga 1981 zuwa 1985 a gasar kudu, sannan ya koma Carlton ya buga 375 har zuwa 2002. In aka haɗa wasanninsa na neman kofi a gasar biyu, 464 ne, ya zarce duk mutum shidan da na lissafa. Peter Carey na Glenelg, littafin gasar kudu ya rubuta masa 448. Amma in ana bikin masu 400 ba a kiran sunansu a sahun gaba. Kamar a ce za a rubuta tarihin damben gargajiya ne, sai a ƙirga turmin da aka yi a dandalin gari ɗaya kawai, a ce na sauran garuruwa ba ya cikin lissafi. Mutanen Adelaide sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, kuma suna da gaskiya.

Haka nan lambar ba ta auna gwaninta. John Coleman na Essendon wasa 98 kawai ya buga, ya ci ƙwallaye 537, gwiwarsa ta goce a 1954 yana da shekara 25. Da sunansa ake ba da kyautar wanda ya fi cin ƙwallo a kowace kaka har yau.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini nauyi. Ban da yawan wasa, akwai wani tarihin da ake ji da shi a can, wato buga wasa a jere ba fashi. Jim Stynes, mutumin Dublin ta ƙasar Ailan, ya je Ostireliya yana matashi bai san wasan ba, ya koya, ya zama gwarzon gasar baki ɗaya a 1991. Daga 1987 zuwa 1998 ya buga wa Melbourne wasa 244 a jere. A 1993 ya yi karo da abokin wasansa ya ji mummunan rauni a haƙarƙari, likitoci suka ce sai ya yi makonni yana jinya. Ya ƙi. Aka gwada shi a wajen atisaye, aka sa ƙarfafan kulob suna bangazarsa, ya daure, aka sa shi a wasan mako mai zuwa. Sai da hannunsa ya karye a 1998 kafin jerin ya yanke. Jack Crisp na Collingwood ne ya wuce shi a watan Mayun 2025. Stynes mutumin kirki ne, ya kafa gidauniyar taimakon matasa, ya rasu a 2012 yana da shekara 45 bayan fama da ciwon daji, kuma ba zan rage masa komai ba. Amma labarin haƙarƙarin nan an maimaita wa yara shi shekara da shekaru a matsayin ma'aunin jarumta, kuma abin da yaro ke ɗauka daga ciki shi ne namiji ba ya cewa yana ciwo. Haƙarƙari yana haɗewa. Ƙwaƙwalwa ba ta da wannan rangwame.

Michael Tuck yana da ɗa, Shane, wanda ya buga wa Richmond wasa 173, an san shi da cusa kai inda wasu ke ja da baya. Bayan ya bar ƙwallo ya ɗan taɓa damben zamani. Ya rasu a watan Yulin 2020 yana da shekara 38, shekarun da mahaifinsa ke da su ranar da ya ɗaga kofinsa na bakwai. Da aka binciki ƙwaƙwalwarsa aka tarar da cutar da likitoci ke kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai, kuma ta yi tsanani ƙwarai. An sami irinta a ƙwaƙwalwar Danny Frawley, tsohon kyaftin na St Kilda, da ta Graham Farmer, ɗaya daga cikin manyan gwanayen da aka taɓa yi. Cutar ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa. Gidan da ya ba wasan nan mutumin da ya fi kowa kofi, shi ne kuma ya binne ɗa saboda abin da buguwar kai ta bari. Jami'in shari'ar da ya binciki rasuwar Shane ya fitar da rahotonsa a ƙarshen 2023, inda ya shawarci hukumar gasar ta rage atisayen da ake karo da juna, ta kuma kawo likitoci masu zaman kansu wajen wasanni.

Ku koma wasan ƙarshe na 2023 da na ba ku labari. A filin da Pendlebury ke nuna gwanintar shekara 35, akwai abokin wasansa Nathan Murphy, mai tsaron baya. Tun a zubin farko aka buge shi a ka. Ya ga ganinsa ya dushe, ya faɗa wa likitoci gaskiya, ya zauna a benci ya kalli ragowar wasan da kowane yaro a ƙasar ke mafarkin bugawa. A watan Afrilun 2024 ya bar ƙwallo bisa shawarar likitoci, yana da shekara 24 da wasa 57. Watanni biyu kafin nan Angus Brayshaw na Melbourne ya bari yana da shekara 28 da wasa 167, bayan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna canji. Babu wanda zai kwana yana liƙa takarda don wasa 57. Amma a wajena, abin da Murphy ya yi a bencin nan ya fi buga wasa da karyayyen ƙashi wuya, kuma shi ya kamata a riƙa ba yara labari.

Hukumar gasar ta motsa, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Tun 2021 duk wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga sai ya yi aƙalla kwana 12 kafin ya dawo, kuma an tsananta hukunci a kan mai bugun kai. A 2024 ta ce a duk ƙananan gasa, daga na yara zuwa na ƙauyuka, hutun ya zama kwana 21, amma ta bar manyan ƙwararru a kan 12. Hujjarta ita ce ƙwararru suna da likitoci a kansu dare da rana. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Ƙwararrun su ne suka fi nauyi, suka fi gudu, karonsu ya fi muni. Likitan da ke kansu kuwa kulob ne ke biyansa albashi, koci na jiran amsarsa, ɗan wasan ma na roƙonsa, domin kwana 12 yawanci wasa ɗaya ne za a rasa, 21 kuwa biyu ne ko uku, kuma kowane wasa ana rubuta shi a lissafin da ake auna darajar mutum da shi. Matashin da ke da wasa 98 yana hangen 100, ko wanda kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kaka, kada a sa ran zai ce kansa na juyawa in ba a tsare masa gurbinsa ba. Don haka nake ganin a mayar da hutun ƙwararru kwana 21 kamar na kowa, a kuma bar hukuncin ƙarshe a hannun likitan da ba ya karɓar ko sisi daga kulob, ko da ranar ta zo daidai da wasan mutum na 300 kuma an riga an liƙa labule.